Harshen Java: Yadda Ake Gina Rumbu a Cikin Kwamfuta

Gabatarwa

Malamai da manyan ɗalibai za su iya tuna ƙananan wayoyin hannu da suka cika kasuwanninmu, tun daga Kwanar Ɗangora har Tudun Wada da Doguwa, kafin manyan wayoyi na Android su yawaita. Da su matasa suka fara shiga intanet ta hanyar Opera Mini, da su kuma suka riƙa hira a 2go. Jama'a kan kira su wayoyin Java, kuma a wasunsu idan aka buɗe wasa sai a ga hoton ɗan kofi yana fitar da tururi. Mutane da yawa sun ɗauka Java sunan wani kamfanin waya ne. Alhali kuwa suna ne na wani harshe da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi.

Waɗancan wayoyi sun ja baya, amma harshen yana nan yana aiki a kusa da mu. Alal misali, alƙaluman da asibitocin shan magani suke tattarawa duk wata, na rigakafi da awon ciki da zazzaɓin cizon sauro, a cikin wata manhaja mai suna DHIS2 ake shigar da su a Nijeriya. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorantar gina wannan manhaja, kuma da Java aka rubuta ginshiƙinta. Ke nan lissafin allurar da aka yi wa jariri a Riruwai ta hannun Java yake bi kafin ya isa Abuja.

Manufar wannan darasi ita ce a gabatar wa ɗalibi da wannan harshe, musamman irin tunanin da aka gina shi a kai. Wanda ya fahimci tunanin, sauran koyon ba zai yi masa wuya ba, kuma ana iya fara fahimtarsa da alli da allo tun kafin a taɓa kwamfuta.

Mene ne Harshen Kwamfuta?

Ko da yake ana kiran kwamfuta na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba ta da wayon kanta. Abin da aka umarce ta shi take yi, daki-daki, ba ragi ba ƙari. Harshenta na asali kuwa lambobi biyu ne kacal, wato 0 da 1. Rubuta dogon umarni da waɗannan lambobi aiki ne mai gajiyarwa da yawan kuskure, shi ya sa masana suka ƙirƙiro harsuna masu kama da maganar ɗan Adam da alamomin lissafi, sannan suka tanadi manhajar da za ta fassara su zuwa harshen na'ura. Daga cikin na farko-farko akwai FORTRAN na shekarar 1957, da COBOL na 1959, da BASIC na 1964 wanda ɗalibai da yawa suka ci karo da shi a littattafan sakandare, sai kuma C na 1972.

A waɗannan harsuna akan jera umarni ne daga sama zuwa ƙasa, bayanai kuma a ajiye su gefe guda. Wannan hanya tana biyan bukata idan manhajar ƙarama ce. Amma idan ta kai layi dubbai, mutane da yawa kuma suna aiki a kanta, sai ta zama kamar gidan da aka zube hatsin kowa a tsakar gida: kowa na iya ɗiba, kowa na iya ƙarawa, ranar da lissafi ya ɓace kuma ba a san hannun wa ya shiga ba.

Maganin wannan matsala daga Oslo ya fara fitowa. Wasu masana biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, sun fitar da harshe mai suna Simula 67 a shekarar 1967. Shawararsu ita ce a kasa manhaja gida-gida, kowane kashi ya tsaya a matsayin wani abu guda, mai riƙe da bayanansa, mai kuma ayyukansa na kansa. Wannan shi ake nufi da tsarin gini bisa abubuwa. Harshen Smalltalk ya bunƙasa tsarin a shekarun 1970, Bjarne Stroustrup ya shigar da shi cikin C har aka sami C++ a shekarun 1980, daga nan sai Java ya biyo baya.

Taƙaitaccen Tarihin Java

A shekarar 1991 wani ɗan ƙasar Kanada mai suna James Gosling, tare da abokan aikinsa a kamfanin Sun Microsystems na Amurka, suka fara ƙirƙirar harshen. Nufinsu na farko shi ne a yi amfani da shi a kayan lantarki na gida. Sun fara sa masa suna Oak, wato sunan wata bishiya, daga baya suka sauya zuwa Java, sunan wani tsibiri a ƙasar Indunusiya da ya shahara da gahawa. Asalin hoton kofin nan mai tururi ke nan. An bayyana harshen ga duniya a 1995, lokacin da intanet ta fara yaɗuwa, nan da nan kuwa ya karɓu. A 2010 kamfanin Oracle ya sayi Sun Microsystems. A yau akwai nau'in Java mai suna OpenJDK wanda kowa zai iya saukewa kyauta, kuma duk wata shida ake fitar da sabon zubi na harshen.

Abin da ya ɗaukaka Java shi ne cewa manhajar da aka rubuta sau ɗaya tana iya aiki a kan na'urori mabambanta. Yadda abin yake shi ne, ba a fassara rubutun kai tsaye zuwa harshen wata na'ura guda. Da farko wata manhaja mai suna javac takan juya shi zuwa wani harshe na tsaka-tsaki. Kowace irin na'ura kuma tana da nata tafinta, mai suna JVM, wanda ke karanta harshen tsakiyar ya mayar da shi abin da na'urar ke ji. Misalinsa kamar hakimi ne ya rubuta takarda ɗaya ya aika ƙauyuka, a rugar Fulani a sami mai karanta ta ya bayyana da Fulatanci, a ƙauyen Kurama a sami mai bayyanawa da Kuramanci. Takardar ba ta sauya ba, tafintan ne suka bambanta.

A lura kuma, akwai wani harshe mai suna JavaScript da ake amfani da shi a shafukan intanet. Shi ma a 1995 ya fito, amma daga wani kamfani daban mai suna Netscape, kuma ƙa'idojinsa daban suke. Kama da wane ba ta wane.

Zubi da Abu

Mu ɗauki misali da rumbu. Magini ya san zubin rumbu tun kafin ya kwaɓa ƙasa: a ɗora shi bisa duwatsu, a yi masa ciki mai faɗi, a bar masa baki a sama. Sai dai wannan zubi da ke kan magini ba ya ɗaukar ko zangarniya ɗaya. Sai an gina rumbun Audu da na Ladi kafin a sami inda za a zuba dawa. Zubin ɗaya ne, rumbunan kuwa kowanne da mai shi da kuma abin da ke cikinsa.

Haka abin yake a Java. Akan fara rubuta zubi, a buɗe shi da kalmar class. Daga zubin nan ake gina abubuwa komai yawansu, da kalmar new. Kowane zubi yana bayyana abu biyu: siffofi, wato bayanan da abin zai riƙe, da kuma ayyuka, wato abin da za a iya sa shi ya yi. Siffofin rumbunmu su ne sunan mai shi da yawan dami. Ayyukansa kuwa su ne zubawa, da ɗiba, da faɗin abin da ya saura. Ga yadda za a rubuta:

    class Rumbu {
        private String maiShi;
        private int dami;

        Rumbu(String suna) {
            maiShi = suna;
            dami = 0;
        }

        void zuba(int adadi) {
            if (adadi > 0) {
                dami = dami + adadi;
            }
        }

        void ɗiba(int adadi) {
            if (adadi > 0 && adadi <= dami) {
                dami = dami - adadi;
            } else {
                System.out.println("Babu wannan adadi a rumbun " + maiShi);
            }
        }

        int saura() {
            return dami;
        }
    }

Kada yawan alamomi ya razana mai karatu. Kalmar String tana nuna cewa rubutu za a ajiye a wurin, int kuma cikakkiyar lamba ce marar ɓurɓushi. Sashen da ke ɗauke da sunan zubin, wato Rumbu, shi ne magini: shi ke aiki a duk lokacin da aka gina sabon rumbu, ya rubuta sunan mai shi, ya fara lissafi daga sifiri. Kalmar if tana nufin idan, else kuma in ba haka ba. Alamar && tana nufin dole sharaɗi biyun su cika tare. Kalmar void tana nuna aikin ba ya dawo da wata amsa, return kuwa ita ke miƙo amsar. Layin da ya fara da System.out.println shi ke rubuta saƙo a fuskar kwamfuta.

Wani abin lura shi ne alamar daidai, wato =. A darasin lissafi, cewa dami = dami + adadi ba zai yiwu ba sai idan adadin sifiri ne. A Java kuwa ma'anarta ita ce a lissafa abin da ke dama, a zuba sakamakon a wurin da ke hagu. Ɗalibai da yawa a nan suke fara tuntuɓe.

Har ila yau, mai karatu zai ga cewa kalmomin da harshen ya keɓe wa kansa na Ingilishi ne, amma sunayen zubi da siffofi da ayyuka marubuci ne ke zaɓa. Java yana karɓar haruffa masu lanƙwasa irin su ɗ da ƙ da ɓ a cikin suna, don haka Bahaushe na iya sa wa komai suna da harshensa.

Yanzu sai mu gina rumbuna biyu mu sa su aiki:

    public class Gida {
        public static void main(String[] args) {
            Rumbu naAudu = new Rumbu("Audu");
            Rumbu naLadi = new Rumbu("Ladi");
            naAudu.zuba(40);
            naLadi.zuba(15);
            naAudu.ɗiba(12);
            naLadi.ɗiba(20);
            System.out.println(naAudu.saura());
            System.out.println(naLadi.saura());
        }
    }

Sashen main shi ne ƙofar da kwamfuta ke shigowa ta fara bin umarni. Kafin mai karatu ya ci gaba, yana da kyau ya ɗauki fensir ya bi layin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da yake zaton zai fito. Amsar ita ce layi uku: da farko saƙon cewa babu wannan adadi a rumbun Ladi, sai 28, sai 15. Audu ya zuba 40 ya ɗebi 12, saura 28. Ladi kuwa ta nemi 20 alhali 15 gare ta, rumbun ya ƙi, damminta suna nan yadda suke.

Killacewa

Me ya hana a ɗebi 20 daga cikin 15? Sirrin yana cikin kalmar private da muka sa a gaban dami. Ma'anarta ita ce babu wani sashe na manhajar, in ba zubin Rumbu kansa ba, da ke da ikon taɓa wannan lamba. Duk mai son sauya ta sai ya bi ta zuba ko ɗiba, a can kuma sharaɗi na jiran sa. Da wani zai rubuta naLadi.dami = 100 a cikin Gida, javac zai ƙi fassarawa, ya nuna masa layin da ya yi kuskure.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A gidan da ke da tsari ba kowa ke buɗe rumbu ba, sai mai gida ko wanda ya wakilta. Idan hatsi ya ragu an san wanda za a tambaya. Killacewa ke nan, kuma ita ce babbar riba ta tsarin gini bisa abubuwa. Idan aka sauya sunan Rumbu zuwa Asusu, dami ya koma naira, an sami tushen manhajar banki ke nan, wadda ke hana mutum cirar abin da ba shi da shi. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa a duniya da Java suke gudanar da irin wannan lissafi. Kuskuren layi ɗaya a nan yana iya zama asarar dukiyar mutane, a manhajar asibiti kuma ya sa a aika wa ƙauye rigakafin da bai isa ba.

Gado

Yankin nan namu na kudancin Kano ƙasar noma ce. Ana noma masara da dawa da rake a Doguwa, Tudun Wada ta yi suna da shinkafa, ga kuma madatsar ruwa ta Tiga a wajen Bebeji, wadda aka kammala a 1974, tana ciyar da noman rani. A ce an sa mu rubuta manhajar da za ta riƙe bayanan amfanin gona na wata ƙungiyar manoma. Kowane amfani yana da suna, da ranar shuka, da faɗin gonar da aka shuka shi. Maimakon a maimaita waɗannan a zubin masara da na shinkafa da na rake, sai a rubuta su sau ɗaya a babban zubi mai suna Amfani, sauran su gaje shi ta hanyar kalmar extends:

    class Amfani {
        String suna;
        void girbe() {
            System.out.println("A girbe");
        }
    }

    class Masara extends Amfani {
        void girbe() {
            System.out.println("A karya");
        }
    }

    class Shinkafa extends Amfani {
        void girbe() {
            System.out.println("A yanka");
        }
    }

Masara ta gaji suna daga Amfani ba tare da an sake rubutawa ba. Idan gobe aka ga ya kamata a ƙara yawan takin da aka zuba, a wuri ɗaya za a ƙara, duk magada su samu. A Java kowane zubi uba ɗaya kawai yake gada kai tsaye, saɓanin C++ da ya yarda a gaji fiye da ɗaya.

Kira Ɗaya, Amsa Iri-iri

Hausa ta riga ta koya mana cewa girbi ba iri ɗaya ba ne. Masara karya ta ake yi, shinkafa a yanka, rake a sara, gyaɗa a cira, wake kuma a rora. Idan mai gona ya ce wa ma'aikata su je su yi girbi, ba sai ya tsaya yana bayyana wa kowa yadda zai yi ba, domin abin da ke gonar shi ke nuna aikin.

Haka muka yi a sama. Kowane magaji ya sake rubuta aikin girbe ta yadda ya dace da shi. Idan aka jera amfani ɗari a manhaja, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana kiran girbe, masara za ta amsa da a karya, shinkafa ta amsa da a yanka. Ranar da ƙungiyar ta fara noman dankali, sabon zubi ɗaya za a ƙara, ba sai an taɓa sashen da ke yin kiran ba. Ta haka manhaja ke girma ba tare da an rushe abin da aka riga aka gina ba.

Matsayin Java a Yau

Kowane harshe da nasa rauni. Java yana da yawan rubutu: abin da Python zai faɗa a layi ɗaya, shi yakan ci layi huɗu ko biyar, ko da yake sababbin fitowarsa sun rage wannan nauyi. JVM kuma tana bukatar wurin ajiya mai ɗan yawa a cikin na'ura. A fagen Android, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008, Java ne ya daɗe yana jan ragama, amma tun 2019 kamfanin Google ya fifita wani harshe mai suna Kotlin. Duk da haka Kotlin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Java a manhaja ɗaya, kuma zubi da gado da killacewa duk suna cikinsa, kamar yadda suke a Python da C++ da C#. Wanda ya iya su a harshe ɗaya ya rage wa kansa rabin tafiya a sauran.

Shawara ga Malamai da Ɗalibai

Rashin ɗakin kwamfuta ko wutar lantarki bai isa ya hana fara wannan darasi ba. Malami na iya fitar da ɗalibai biyu gaban aji, kowanne ya zama rumbu, ya riƙe takardar da ba mai ganin ta sai shi. Sauran 'yan aji su riƙa aika musu umarnin zuba da ɗiba da saura, su kuma su bi sharaɗin da ke kan allo. Cikin darasi ɗaya yara za su gane zubi da abu da killacewa. Inda aka sami kwamfuta ko da ɗaya ce, sai a saka mata OpenJDK da wata manhajar koyo ta kyauta mai suna BlueJ, wadda ke zana zubi a fuska ta kuma bar ɗalibi ya gina abu ya kira ayyukansa da hannunsa. Da zarar an saka su, ba sa bukatar intanet.

Ɗalibin da ke burin karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya riƙe lissafi da Ingilishi da kyau, ya kuma saba da bin umarni layi-layi da fensir. Kuskure kuwa ba abin kunya ba ne a wannan fage. Mantuwa da alamar. Guda ɗaya takan tsayar da manhaja, kuma karanta saƙon kuskure cikin natsuwa yana daga cikin abin da ake koyo. Da koyo akan iya.

Jinga

1. Ƙara wa zubin Rumbu wata siffa mai suna iyaka, sannan ka gyara aikin zuba yadda ba zai karɓi abin da ya fi ƙarfin rumbun ba.

2. Rubuta zubin Rake da na Gyaɗa, su gaji Amfani, kowanne da irin girbinsa.

3. Dubi rajistar ajinku. Waɗanne siffofi da ayyuka za ka ba zubin Ɗalibi? Wacce daga cikin siffofin ya kamata a killace, kuma wa ya cancanci ya sauya ta?

4. Ziyarci asibitin shan magani mafi kusa da makarantarku, ka nemi izinin ganin takardar rahoton wata wadda ba a cike ba. Fitar da zubi uku da kake ganin manhajar da ke karɓar rahoton za ta bukata, ka kawo wa malaminka ku tattauna a aji.